Kalmar "Frank": Maganar Wanda Yake da 'Yanci

  Yau za mu ɗan sake hanya. Maimakon mu fara da buɗe sura da aya kamar yadda muka saba, za mu fara da wata kalma guda ta Turanci, mu bi sawunta har gidan da ta fito, sa'an nan mu ga abin da za ta koya mana a kan bakinmu.

Kalmar ita ce "frank". Duk wanda ya taɓa zama a taron kwamiti, ko taron iyayen yara a makaranta, ko taron ƙungiyar 'yan gari a Jos, ko Kaduna, ko Yola, ya san ta. Ana cikin magana da Hausa, sai ka ga wani ya gyara zama, ya juya harshe ya ce, "to be frank," ko kuwa, "frankly speaking." Da jin haka sai ɗaki ya yi tsit, gama kowa ya san abin da zai biyo baya ba mai daɗin ji ba ne. Wani lokaci gaskiya ce take fitowa, wadda aka daɗe ana jiran mai faɗinta. Wani lokaci kuwa zagi ne kawai aka sa wa rigar Turanci. To, yaya za mu rarrabe tsakanin biyun? Amsar tana cikin tarihin kalmar kanta.

MECE CE MA'ANARTA?

In Bature ya ce mutum "frank" ne, yana nufin mutumin yakan faɗi abin da ke zuciyarsa a fili, ba ɓoye-ɓoye, ba kwana-kwana, ko da maganar ba za ta yi wa mai ji daɗi ba. Kalmar tana fitowa iri 3. "Frank" tana siffanta mutum ko maganarsa. "Frankly" tana nuna yadda aka yi maganar. "Frankness" kuwa sunan halin ne. A Hausa ba kalma ɗaya ce take ɗauke da wannan kaya ba. Mukan ce a tsage gaskiya, a faɗa ɓaro-ɓaro, a zauna ƙeƙe-da-ƙeƙe, a yi magana tsakani da Allah.

Tana da maƙwabta biyu da ya kamata mu sani, domin mutane sukan cuɗa su. Ta fari ita ce "candid". Ta fito daga wata kalmar Latin mai nufin fari fat. A birnin Roma na dā, mai neman muƙami yakan sa farar riga domin a gane shi cikin taro, daga nan ne ma aka sami sunan da Turawa suke kiran ɗan takara da shi har wa yau. Mutumin da aka kira da wannan kalma, zuciyarsa kamar farin ƙyalle take, ba ya ɓoye ko da laifin kansa.

Ta biyu ita ce "blunt". Da ita ake siffanta wuƙar da ta dakushe. Mai irin wannan magana yana faɗin gaskiya, amma bai damu da yadda za ta sauka a kan mai ji ba. Ku tambayi mahauci. Wuƙa mai kaifi tana yanka ta wuce, dakusasshiya kuwa sai ta dagargaza naman kafin ta raba shi. Saboda haka in an kira ka "frank", yawanci yabo ne. In an kira ka "blunt", to, yabon yana tafe da gargaɗi.

Ga kuma wani amfani da masu jin labarun duniya za su so su sani. In aka ce shugabannin ƙasashe biyu sun gana, aka kuma siffanta tattaunawarsu da wannan kalma, sau da yawa abin nufi shi ne ba su daidaita ba. Kowa ya faɗi tasa, an tashi ba a yarda da juna ba, amma ba a so a ce an yi faɗa.

DAGA INA TA FITO?

Tun a ƙarni na 3 bayan haihuwar Almasihu, marubutan Romawa suka fara ambaton waɗansu kabilu da suke zaune a bakin kogin Rhine, wajen ƙasashen Jamus da Holan na yanzu. Sunansu Frank, mu ce Frankawa. Sa'ad da mulkin Roma ya raunana, sai suka yi ta kutsawa cikin ƙasar da Romawa suke kira Gaul. A shekara ta 486 sarkinsu Clovis ya ci ragowar mulkin Romawa a arewacin ƙasar da yaƙi, kusa da garin Soissons. Kafin ya mutu a 511, yawancin ƙasar ta shiga hannunsa. Sunan wannan kabila ne ya zama sunan ƙasar, wato Faransa.

To, a ƙasar da aka ci da yaƙi, wa yake da cikakken 'yanci? Ai wanda ya ci yaƙin ne. Da haka sunan kabila ya koma siffa. A tsohon Faransanci, in an kira mutum da wannan suna, ana nufin 'yantacce ne, ba bawan kowa ba. Bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada a can, kalmominsa da yawa kuma suka shige cikin Turanci. Wajen shekara ta 1300 kalmarmu ta bayyana a Turanci da ma'anar 'yantacce. Ta kuma ɗauki ma'anar mai sakin hannu, mai ba da kyauta ba ƙyashi. Sai a ƙarni na 16 ta kai ga ma'anar da muka sani yau, wato mai faɗin zuciyarsa a fili.

Danginta suna nan kewaye da mu ba mu sani ba. A 1360 aka fara buga kuɗin Faransa mai suna "franc", a zamanin da ake tara kuɗin fansar sarkinsu Jean na 2, wanda Ingilishi suka kama a yaƙi a 1356. Jikan wannan kuɗi ne sefa, wadda aka kafa a 1945, wadda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suke ciniki da ita. 'Yan makaranta kuma sun san "lingua franca". Ma'anarta ta asali harshen Frankawa, amma yau tana nufin harshen da yake haɗa kabilu dabam dabam, kamar yadda Hausa take haɗa Berom da Ngas da Tangale da Bachama a kasuwa da majami'a. Har lubban ɗin nan da masana daga gabas suka kawo wa jariri Yesu, sunansa na Turanci da wannan kalma ya fara, da ma'anar turare na ainihi, mafi kyau.

Mu lura da tafiyar kalmar: daga 'yanci, zuwa sakin hannu, zuwa faɗin gaskiya a fili. Wannan ba zai zama baƙon abu ga mai jin Hausa ba. A Hausa ma, kishiyar bawa ita ce ɗa. Daga 'ya aka sami 'yanci, a wajen Sakkwato da Nijar kuma daga ɗiya aka sami ɗiyauci. Bawa kafin ya buɗe baki sai ya dubi fuskar ubangijinsa, gama tuwonsa da fatar bayansa suna hannun mutumin. Ɗa kuwa yana iya tsayawa a tsakar gidan ubansa ya faɗi abin da ya gani. Wannan shi ne ainihin abin da muke so mu riƙe yau. Faɗin gaskiya a fili 'ya'yan itacen 'yanci ne. Wanda yake ɗaure ba ya iya yinsa, ko da muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Wani lokaci kuma ana biyan tsadarsa. A Afirka ta Kudu, a zamanin wariyar launin fata, wani saurayi mai suna Steve Biko ya riƙa rubutu a farkon shekarun 1970 da sunan aro "Frank Talk". Dokar ƙasarsa ba ta lasafta shi cikakken ɗa ba, shi kuwa ya yi magana kamar ɗa. Ya mutu a hannun 'yan sanda ranar 12 ga Satumba, 1977.

KALMAR A CIKIN LITTAFI MAI TSARKI NA TURANCI

Waɗanda suke da Littafi Mai Tsarki na Turanci a gida za su iya ganin wannan tafiya da idonsu. A tsohuwar fassarar nan ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, kalmar "frankly" tana cikin Luka sura 7 aya 42. A nan ne Yesu, yana cin abinci a gidan wani Bafarisiye mai suna Saminu, ya ba da misalin mutum biyu da ake bi bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya dinari 50. Da suka kasa biya, mai kuɗin ya yafe musu. Kalmarmu ce aka sa domin a nuna yadda ya yafe. Ba ta nufin ya yi musu magana mai zafi. Tana nufin ya yafe kyauta, hannu sake, bai riƙe kome ba. Tsohuwar ma'anar ke nan.

Sai mu buɗe sabuwar fassara, irin su NIV wadda ta fito cikakkiya a 1978, mu je Littafin Firistoci sura 19 aya 17. A nan kalmar ta sake fitowa, amma da sabuwar ma'ana. Ayar tana hana mutum riƙe ɗan'uwansa da ƙiyayya a zuciya, tana kuma umartarsa ya faɗa wa maƙwabcinsa laifinsa a fili, domin kada ya zama abokin tarayya cikin laifin. Aya ta 18 da take biye da ita kuwa, ita ce sananniyar ayar nan ta ƙaunar maƙwabci.

Mu tsaya a nan kaɗan. Mu a ganinmu, wanda ya yi shiru shi ne mai ƙauna, wanda ya yi magana shi ne mai neman fitina. Waɗannan ayoyi biyu sun juya lissafin. Sun sa shiru mai ƙunshe da fushi a gefen ƙiyayya, sun sa magana a fili a gefen ƙauna. In muka haɗa tsohuwar ma'ana da sabuwa kuma, za mu ga abu ɗaya ne. Gaskiyar da aka faɗa yadda ya kamata kyauta ce. Ana miƙa ta ne hannu sake, ba a jifan mutum da ita.

YADDA HELENAWA SUKA KIRA TA

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, su ma kuwa suna da tasu kalma, "parresiya". An gina ta daga kalmomi biyu, ɗaya mai nufin duka, ɗaya mai nufin magana, wato faɗin duka. A birnin Atina, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, wannan gata ne na 'yan gari 'yantattu. Su ne suke da iko su miƙe a taron gari su faɗi ra'ayinsu. Bawa ba shi da wannan iko, baƙo ma haka, har da mata. Sunan wannan taron gari kuwa "ekklesiya", daga nan muka sami kalmar ikilisiya. Kun ga ke nan, Helenawa da Frankawa da Hausawa, ko da yake nesa suke da juna, duk sun ɗaura faɗin gaskiya a jikin 'yanci.

Kalmar ta fito kimanin sau 30 a Sabon Alkawari. A Hausa mukan same ta da ma'anar gabagaɗi, ko kuwa a fili. A Ayyukan Manzanni sura 4, an kawo Bitrus da Yohanna gaban majalisa saboda warkar da gurgu. Abin da ya ba shugabanni mamaki shi ne wannan hali, gama sun san mutanen nan ba masu zurfin karatu ba ne. Masunta ne daga Galili, amma suka amsa kamar 'ya'yan gida. A Yohanna sura 11, Yesu ya fara gaya wa almajiransa cewa Li'azaru ya yi barci. Da ya ga ba su gane ba, suna tsammani hutawa ce ta mai jinya, sai ya faɗa musu a fili cewa mutumin ya mutu. Ya fara da tausasawa, amma bai bar tausasawar ta zama ruɗu ba. Littafin Ayyukan Manzanni kuma ya ƙare da Bulus a Roma, shekara 2 yana tsare a gidan da yake haya, yana koyarwa da wannan gabagaɗi. Jikinsa a tsare, bakinsa a sake. Ashe 'yancin da muke magana a kai daga ciki yake farawa.

IGIYOYIN DA SUKE ƊAURE BAKI

In haka ne, me yake ɗaure bakinmu? Mun ga igiyoyi 3.

Ta fari, tsoro. A 1 Sarakuna sura 22, annabawa wajen 400 suka gaya wa sarki Ahab abin da yake so ya ji, cewa ya tafi yaƙi zai yi nasara. Mikaiya kaɗai ya faɗi abin da zai faru. Aka mare shi, aka jefa shi kurkuku. Ahab ya tafi, bai dawo da rai ba. Mutum 400 masu daɗin baki ba su tare masa kibiya ɗaya ba.

Ta biyu, abin hannu. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In wani ne ya saya mana kwanon rufin majami'a, ko ya biya wa ɗanmu kuɗin makaranta, ranar da ya kauce hanya sai mu ji harshenmu ya yi nauyi. Ba laifi ba ne a karɓi alheri. Laifin shi ne a sayar da baki a kansa.

Ta uku ta fi wuyar ganewa, gama kyakkyawan abu ce: kunya da kara. Al'adarmu ta koya mana kada mu kunyata mutum, kada yaro ya dubi idon babba. Wannan ado ne, ba ma so ya ɓace. Amma in kara ta hana mu faɗa wa mutum cewa akwai rami a gabansa, ta daina zama ado. Daga nan sai mu koma ga habaici, da gatse, da faɗa wa kowa sai mai maganar. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

ABIN DA YA FARU DA MU

Ba za mu yi wa'azin abin da ba mu taɓa kāsawa a kai ba. Shekarun baya, a wata ikilisiya da muka yi hidima, wani saurayi da wata budurwa suka kawo maganar aure. Kamar yadda ikilisiyoyi da yawa suke yi, aka tura su gwajin jini, sakamakon kuma ya zo hannun kwamitin aure a rufe. Da muka buɗe, sai muka ga dukansu biyu AS ne. Ga wanda bai sani ba, in miji da mata duka AS ne, to, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi yaro SS, wato mai cutar sikila. Ba cewa ake yi yaro ɗaya cikin huɗu ba. Kowane ciki da nasa lissafi.

Mu 5 ne a kwamitin, ba wanda ya so ya zama mai faɗa. Saurayin maraya ne, mun san wahalar da ya sha kafin ya tara kayan aure. Sai muka ce a ƙara addu'a. Da suka dawo, muka ce a bari sai bayan girbi. Bayan girbi muka ce akwai taron gunduma. Wata 4 muna ja musu rai, muna kiran abin tausayi.

Amma shiru ba ya zama wofi, mutane sukan cika shi da zato. Saurayin ya ɗauka an rena shi ne don ba shi da kome. Danginsa suka ce don ba kabilarsu ɗaya da yarinyar ba ne. Iyayen yarinyar suka fara tsammani an gano wani mugun abu ne a kan 'yarsu. Gidaje biyu da suka yi shekaru suna zama a benci ɗaya suka daina gaisawa.

Wata tsohuwa cikin zumuntar mata, wadda ta binne 'ya'ya biyu saboda wannan ciwo, ita ta tare mu bayan sujada. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce, "Malam, a gafarce ni, ni ba mai karatu ba ce. Amma yaran nan, rayuwarsu ce, ko taku? In akwai magana a takardar nan, ku ba su abinsu."

Ba mu da amsa. Da yamma muka kira su biyun kaɗai, muka roƙi tsohuwar ta zauna tare da mu. Muka fara da neman gafara, sa'an nan muka faɗa musu abin da takardar ta nuna. Tsohuwar ta kama hannun yarinyar ta ce, "'Yata, ba zan ce miki ki yi ko ki bari ba. Zan dai gaya miki abin da na gani da idona, ke da ɗana ku je ku yi tunani." Ta ba su labarin dararen da ta kwana a asibiti, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Muka kuma haɗa su da likita domin ya yi musu cikakken bayani.

Saurayin ya daɗe kansa a sunkuye. Da ya ɗaga sai ya ce, "Baba, da kun faɗa mini tun ran nan, da ban zargi mutanen da ba su yi mini kome ba." Abin da suka yanke daga baya nasu ne, ba za mu kawo shi gidan rediyo ba. Amma wannan magana tasa ba ta bar mu ba har yau. Mun ce muna jin tausayinsa, ashe kanmu muke ji wa.

Mu kuma lura, da wani cikinmu ya miƙe a taron ikilisiya ya ce zai tsage gaskiya, ya karanta takardar a gaban kowa, da shi ma ya yi ɓarna. Gaskiya ce zai faɗa, amma da dakusasshiyar wuƙa.

KAFIN MU BUƊE BAKI

Saboda haka, ya mai sauraro, kafin ka ce za ka tsage gaskiya, ko da Turanci ko da Hausa, ga tambayoyi 4 da za ka yi wa kanka.

Ta 1: Na tabbata, ko ji na yi? Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Jita-jita ba ta zama gaskiya don an faɗe ta da ƙarfi.

Ta 2: Don amfanin wa zan faɗa? In don in huce haushina ne, to, har yanzu ni bawa ne, fushi ne ubangijina. Ka tuna tsohuwar ma'anar kalmar, kyauta ce. In mutumin ba zai tafi da wani abin amfani a hannunsa ba, ba kyauta ka ba shi ba. Afisawa sura 4 aya 15 ta haɗa gaskiya da ƙauna wuri ɗaya, kada mu raba su.

Ta 3: A ina, ta wace hanya kuma? Matiyu sura 18 ta koya mana mu fara samun mutum shi kaɗai. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta nuna, domin laifin a fili aka yi shi, yana kuma jan waɗansu. Annabi Natan kuwa, da ya je wurin sarki Dawuda a kan maganar matar Uriya, ya fara da labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa guda. Sai da sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan Natan ya nuna masa cewa shi ne mai laifin. Ya bi ta hanyar hikima, amma bai tsaya a hanya ba, ya kai maganar har gida. Bambancinsa da mai habaici ke nan. Mai habaici yana jifa ya ɓoye hannu. Yaro ma yana iya durƙusawa ya gai da babba, ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri," sa'an nan ya faɗi maganarsa duka. Ladabi bai rage kome daga gaskiya ba.

Ta 4: In aka juyo da ita kaina, zan iya ɗauka? Da yawa cikinmu muna son mu tsage wa waɗansu gaskiya, amma ranar da aka tsage mana sai mu yi wata guda ba ma amsa gaisuwa. Dawuda sarki ne, yana da iko ya sa a kashe Natan, amma ya amsa laifinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maigidan da matarsa take tsoron faɗa masa gaskiya, da shugaban da mabiyansa ba sa iya ce masa ya yi kuskure, su ne na ƙarshe da za su ji cewa gobara ta kama gidansu.

'Yan'uwa, lokacinmu ya ƙure. Wataƙila akwai wata magana da ka daɗe kana riƙe da ita, kowa ya ji ta daga bakinka sai wanda ta shafa. Ka auna ta da tambayoyin nan 4. In ta tsaya, ka nemi mutumin a wannan mako, ku zauna ku biyu. In kuwa ba ta tsaya ba, ka bar ta, kada kuma ka ƙara kai ta gidan wani.

Kafin mu sake saduwa, muna roƙonku ku karanta Littafin Firistoci sura 19 aya 17 da 18, da 2 Sama'ila sura 12, da Ayyukan Manzanni sura 4.  Allah ya ba mu bakin 'ya'ya, da kunnen da zai iya jin gaskiya. Ku huta lafiya.